Saƙon Daddawa Zuwa Bakin Teku

Saura wata huɗu bizata ta ƙare aka kira ni intabiyu a wani ƙaramin gari na bakin teku, can yankin Wales. Na gama digirina na uku a Manchester a kan gwajin ruwa, kuma maganar a fili take: ko in sami ma'aikatar da za ta tsaya mini a ba ni bizar aiki, ko in tattara matata da 'yata da tukwanenmu mu bar ɗan gidan da muke haya a unguwar Hulme mu koma gida. Na cike takardun neman aiki har na haddace ƙaryar da nake yi a cikinsu. Yawanci ko amsa ba su yi ba. Waɗanda suka amsa kuwa sun ji daɗin sanina ƙwarai, sun yi mini fatan alheri a wani wurin. Don haka da wani ɗakin gwajin ruwa ya ce in zo, sai da na ce to sannan na tambayi ina ne garin.

Matata ce ta nemo shi a taswirar waya. Ta yi ta jan allon da yatsa har ƙasa ta ƙare.

Ta ce, "Daga nan fa sai ruwa. Ka tabbata aiki za su ba ka, ba tura ka za su yi ba?"

Jirgin ƙasan da ke zuwa can kai tsaye daga Birmingham yake tashi, kuma a Birmingham nake da Yaya. Ba mu haɗa uwa ko uba ba. Ya riga ni shiga jami'a a Zariya, ya riga ni zuwa Ingila, shi ke nan ya zama Yaya har abada. Yana da wata baƙar kwat da duk ɗan arewan da aka kira intabiyu yake zuwa ya ara, ana cewa tana da farin jini. Hannunta ya fi nawa tsawo, amma ban je don in yi gardama da sa'a ba. Na kwana a gidansu.

Da safe ina shan kunun gyaɗa, matar Yaya, wadda muke kira Anti, ta ce, "Dakta, wane gari ma ka ce za ka?"

Na faɗa mata. Ta ajiye ludayi.

"Ai Kawu yana can. Ƙanin mahaifiyata. Ikon Allah, ga shi jiya-jiya aka kawo mini kaya daga gida."

Na san na shiga uku tun kafin ta buɗe kabad. A wurinmu ba a ƙin saƙo. Kana iya ƙin zuwa bikin mutum a yafe maka, amma ka ce za ka gari, a ba ka saƙo ka ce jakarka ta cika, wannan magana sai ta riga ka zuwa Kano. Anti ta ƙulla kuka, ta ƙulla busasshiyar kuɓewa da yaji, sannan ta ɗauko wata robar ayis kirim ta cika ta taf da daddawa, sabuwa, baƙa wuluk, mai ƙarfin da ke sa ido ruwa. Ta naɗe robar da leda uku, ta zagaye ta da salatif.

Na ce, "Anti, interview fa zan je."

Ta ce, "To ai ba a bakinka za ka riƙe ta ba. Hannu da hannu don Allah, Dakta, kada ka bar wa kowa. Tsoho ne, shi kaɗai yake zaune."

Na dubi Yaya ko zai cece ni. Ya duƙufa a kan kofinsa, bai ɗago ba sai da na sa robar a jaka.

Jirgin ya yi ta tafiya, gidaje suna raguwa tumaki suna ƙaruwa, har na fara zargin tumakin ne za su yi mini intabiyun. Na isa da azahar, ana gobe ranar intabiyun. Daga tasha na kira Kawu don in sauke nauyi. Ya ɗauka da Turanci, da ya ji sallama sai ya amsa da Hausa. Ya ce 'yarsa ta kai shi asibiti a garin gaba, a wurinta zai kwana, sai gobe bayan la'asar zai dawo. Intabiyuna kuwa ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne. Na ce ba komai, Baba, Allah ya ƙara sauƙi, a zuciyata ina faɗin wani abu dabam.

Na ajiye kaya a wani ƙaramin masauki na fita ganin gari. Titi ɗaya ne na kirki, sauran duk lunguna ne da ke gangarawa teku. Kowane allo an rubuta shi da harshe biyu, Turanci da nasu na Wales, kuma ko gaisuwar kan hanya sai ka kasa kunne ka ji da wanne aka yi maka. Rabin shagunan na gwanjo ne, na taimakon marasa lafiya ko na taimakon karnuka, kuma karnukan garin ba su yi kama da masu neman taimako ba, don wasu har da rigar ruwa. Tsofaffi sun fi kowa yawa. A Manchester kana iya faɗuwa a titi mutane su tsallake ka cikin ladabi, amma a nan sai da mutum biyar suka gaya mini yau akwai iska, alhali tare iskar take kaɗa mu.

Da na isa bakin tekun, ban tarar da tekun ba. Ya janye can nesa, ya bar taɓo da yashi da ƙananan jiragen ruwa kwance a gefensu. Na san wannan a littafi, na ma koyar da shi, amma na tsaya baki buɗe. Ni da na tashi inda in rafi ya tafi sai wata damina, ga ruwa mai tafiya da rana ya dawo da yamma, ba wanda ya fita roƙo. Can inda ruwan ya tsaya na hango wasu tsofaffin mata su shida suna shiga cikinsa da huluna masu launi, a sanyin da ni ko alwala sai na yi shawara da zuciyata. Ɗaya ta ɗago mini hannu wai in zo. Na ɗaga mata nawa daga cikin aljihu.

Duk tsawon gaɓar an jera bencuna, kowanne da ɗan ƙarfe an rubuta sunan wani mamaci, da cewa yana son zama a nan ya kalli teku. Na ce ashe su ma suna da sadaka mai gudana, tasu dai ta zama ce. Na zauna a kan wani bawan Allah na ci soyayyen kifi da dankali, wasu fararen tsuntsayen teku masu girman agwagwa suka kewaye ni. Ban taɓa ganin halitta marar kunya irinsu ba. Ɗaya ya sauko ya fizge rabin kifin daga hannuna, ya tsaya a gabana ya cinye yana kallona.

Na duba waya, masallaci mafi kusa tafiyar awa guda ce a bas. Mahauci na halal babu. Duk da haka garin ya kwanta mini, ba zan ɓoye ba. Na ga makarantar firamare mai filin wasa yana kallon ruwa, na sa 'yata a ciki. Na ga wani gida mai fenti ruwan ɗorawa, na kama mana haya, har na fara faɗa da matata a kan labule. Wata shida ke nan rabona da in yi tunanin abin da ya wuce ranar ƙarewar biza, sai ga ni a kan bencin mamaci ina tsara shekara goma.

Kuskuren farko a masauki na yi shi. Ɗakin ƙarami ne, hitar ɗumama ɗaki tana aiki ba ji ba gani, na ji tsoron kada daddawar ta kama kwat ɗin Yaya. Sai dabara ta zo mini, na buɗe taga na ajiye robar a dakalin waje, inda sanyi zai riƙe ta. Da gari ya waye na tarar tsuntsayen nan sun yi taro a kanta. Sun yage leda ukun, sun huda murfin wuri biyu, sannan da alama sun ɗanɗana sun ga ba su iyawa, sun bar mini kayana. Na nemo leda ɗaya na ɗaure, na tura can ƙasan jaka.

Mai masaukin ta ce ƙarfe goma take kulle gida ta tafi, ba ta ajiye kaya. A ma'aikatar, matar da ke karɓar baƙi ta ce dokarsu ba a barin jaka ba mai ita, in shiga da abata. Haka na shiga ɗakin intabiyu da kwat ɗin aro da jakar goyo. Mutum uku ne a zaune: shugabar ɗakin gwajin, mace mai furfura da tabarau, da wani mai gemu da ke kula da na'urori, da wata matashiya daga ofishin ma'aikata mai rubuta duk abin da aka ce. Na nemi lungu na ajiye jakar don kada ta tsone musu ido. Lungun da na zaɓa jikin hita ne.

Minti goma sha biyar na farko na yi ƙoƙari. Ina cikin bayanin yadda ake gane ruwan wanka ya gurɓata sai na ji ta. Ta taso a hankali, ta zagaya ƙarƙashin tebur. Mai gemu ya ɗaga hanci. Mutanen nan fa aikinsu ke nan, shekara da shekaru suna shinshina ruwan kwata, hancinsu ya fi na'urorinsu. Ya dubi shugabar, ta dubi silin, matashiyar ta daina rubutu.

Shugabar ta ce da Turanci, "Don Allah ka yi haƙuri. Ina jin bututun ƙasa ne ya sake toshewa. Abin kunya ne a ce a ɗakin gwajin ruwa ake wannan."

A nan ya kamata in yi magana. Na sani a lokacin, na sani yanzu. Amma yaya mutum zai buɗe baki, cikin kwat, a gaban Turawa uku da ke riƙe da bizarsa, ya ce ba bututunku ba ne, kayan miyata ne? Sai na ji bakina yana cewa ba komai, ai yana faruwa a ko'ina. Har da ɗan murmushin yafiya na yi musu.

Mai gemu ya fita ya kira mai gyara. Aka ce mu koma wani ɗaki a sama. Na saɓa jakata na bi su, muka hau bene, aka rufe ƙofa, aka zauna, shugabar ta ce to ina muka tsaya. Ba a yi minti uku ba bututun ya hauro bene ya same mu.

Idanu shida suka sauka a kan jakar.

Na ce, "Ina jin daga wurina ne."

Na yi musu bayani. Na ce 'ya'yan wata bishiya ce da muke kira ɗorawa, ana dafa su a rufe su kwana biyu ko uku har su ruɓa yadda ake so, sannan a daka a shanya. Tsoro ya sake ni, tunda abin da nake tsoro ya riga ya faru, na shiga zuba: irin ƙwayoyin halittar da ke aikin, abin da ke kawo warin, dalilin da ya sa ba ta lalacewa. Duk intabiyun ban yi Turanci mai daɗin wannan ba. Mai gemu ya matso da kujera, idonsa na ƙyalli, ya ce ko zan buɗe ya gani, ko ma in ɗan gutsura masa ya duba a na'ura.

Na ce a'a.

Ya ce kaɗan fa, kamar kan ashana.

Na ce ba tawa ba ce, saƙo ne, ba na buɗewa sai a hannun mai ita. Na ga ba su gane ba. Mutumin da ya bar su suka kira mai gyara a banza, yanzu kuma shi ne mai amana a kan ruɓaɓɓen wake. Ni kaina da na ji maganar a kunnena na san ba ta zauna ba, amma ko yau aka sake ba zan buɗe ba. Tsuntsaye sun taɓa, wannan tsakaninsu da Allah, ni dai ba da hannuna ba.

Da za mu rabu shugabar ta raka ni bakin bene. Ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Da ka faɗa tun a ƙasa." Na ce haka ne. A ƙasan na wuce mai gyara durƙushe ya cire murfin kwata yana haska tocila.

Bayan la'asar na nemi gidan Kawu. Ɗan gida ne a kan tudu, tagar falon tana kallon teku, wanda ya dawo ya cika fal kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba. Dogon tsoho ne siriri, da rigar sanyi da hular zanna da ta koɗe. Ya riƙe hannuna muka gaisa: gajiya, hanya, iyali, sanyi, mutanen Birmingham, mutanen gida. Da muka kai ƙarshe sai ya sake ɗaukowa daga gajiya. Na gane ba mantuwa ba ce, ba ya son gaisuwar ta ƙare ne. Na biye masa muka yi zagaye na biyu.

Ya zo karatu tun yana saurayi, ya auri 'yar garin, ya koyar da lissafi a sakandare har ya yi ritaya. Matar ta rasu. 'Ya'yansa mata biyu, suna ji da shi, amma Hausarsu ba ta wuce sannu ba. Ya karɓi robar da hannu biyu, ya ga hujin murfin bai tambaya ba, ya buɗe ya sa hanci ya lumshe ido ya daɗe. Sannan ya ce in cire kwat ɗin nan in zo in yanka albasa. Ya kaɗa miyar kuka, ya tuƙa tuwon semo, amma bai bar ni na taɓa muciya ba.

Muna ci na ba shi labarin intabiyu. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na miƙa masa ruwa. Ya sa na maimaita wurin hawa bene. Ya ce, "Kai, yaro, ka kashe ni. Kuma ka ce musu ba komai?" Na ce har da murmushi, Baba. Ya sake kifewa.

Da ya lafa ya goge ido ya ce, "Ka san tun da ka kira jiya nake roƙon Allah ya ba ka aikin nan? Kada ka ji daɗi, ba don kai ba ne. Don kaina ne."

Na ce, "Yaya, Baba?"

"Yaran nan suna sona. Amma ran da na cika, ruɗewa za su yi su kira funeral home, masu shirya gawa, a zo da baƙar mota, a sa mini suit da tie a shafa mini hoda kamar zan je biki. Akwai Musulmi a garin gaba, mutanen kirki, za su zo in an kira su. Amma ni so nake wanda zai yi mini wanka, in zai juya ni, ya ce sannu Baba. Da Hausa. Ko ban ji ba." Ya ɗebi miya. "In ka zo garin nan, na huta da wannan tunanin."

Ya faɗe ta ne kamar mai neman a taya shi ɗaukar kaya, ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni na ajiye lomar da ke hannuna. Na zo garin ina ganin ni kaɗai ne mai buƙata. Na ce Allah ya ƙara nisan kwana, ya ce amin, amma a yi shiri.

Kwana uku bayan na koma Hulme shugabar ta kira da hantsi. Ta ce sun ji daɗin sanina ƙwarai. Daga nan ban buƙaci sauran ba, amma na tsaya na ji: sun ɗauki wani da ya fi ni daɗewa a irin aikin, kuma shawararta, a ɗakin gwaji in abu ya ɓaci gara a faɗa da wuri. Na yi mata godiya. Na faɗa wa matata a kicin, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ta ci gaba da wanke shinkafar da ta riga ta wanke. Na kira Yaya na faɗa masa, ya ce ba laifin kwat ba ne. Duk waɗannan a rana ɗaya na gama da su.

Kawu ne na kasa kira. Na yi kwana takwas ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Kunya nake ji, irin wadda ban ji ba a gaban Turawan nan. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci shi ya kira. Muka gaisa, zagaye ɗaya kawai wannan karon.

Ya ce, "Sun kira?"

Na ce, "Sun kira, Baba. Ba a dace ba."

Ina jin kukan tsuntsayen nan ta bayansa.

Ya ce, "To. Allah ya sa da rabo a gaba. Ɗauko biro."

"Baba?"

"Lambar babbar 'yata zan ba ka, ita ma na ba ta taka. Na ce mata in abin ya zo ta kira ka kafin ta kira kowa. Daga Manchester awa nawa ne a train, huɗu? Ba inda zan je, zan jira ka."

Na ce, "Baba, visa ɗina saura wata uku da 'yan kwanaki. Ni kaina ban san ko ina ƙasar nan ba."

Ya ce, "Na ji. Ka ɗauko biron?"

Na ɗauko. Ya karanto mini lambar da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, irin na malamin lissafi, ya sake karantowa, sannan ya ce in maimaita masa. Na maimaita. Ya ce daidai ne, in ajiye ta inda ba za ta ɓata ba, in gaida iyali.